Ƙotar Gatari: Yadda Ƙungiyoyin 'Yan Kasuwa Za Su Tsaya wa Masu Rauni Su Sami Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar wani ɗan kasuwa ran Juma'a da hantsi, ko a Kantin Kwari ne, ko a Kurmi, ko a babbar kasuwar kowane gari na ƙasar Hausa, ya san abin da ido zai gani: makaho riƙe da sanda ɗan jagora na gabansa, gurgu bisa kekensa, kurma da 'yar takarda a hannu, suna bin rumfuna ɗai-ɗai, mai rumfa kuwa ya riga ya ware canji a gefen akwatinsa tun da safe, yana miƙawa ana yi masa addu'a har a kira salla. Wannan ɗabi'a ce kyakkyawa, babu kuwa mai zargin wanda ya bayar, don sadaka tana da lada wanda Allah kaɗai ya san iyakarsa. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna, shi ne mai rumfar nan, wanda ya shekara 20 yana ba gurgun nan sadaka, ya san sunansa, ya san unguwarsu, la'alla ma ya san mahaifinsa, ran da ya rasa yaron da zai riƙe masa littafin bashi bai taɓa kawo wa ransa cewa ga mai iya riƙewa nan yana zuwa ƙofarsa kowane mako ba, alhali kuwa riƙon littafi aikin ƙwaƙwalwa ne da amana, ba ruwansa da ƙafa.

Ba rowa ce ta hana shi ba, ba kuma ƙeta ba. Tsoro ne, da rashin wanda zai shiga tsakani. Yana gudun kada ya ɗauki mutumin aikin ya gagare shi, sallamarsa kuma ta zama abin surutu a kasuwa. Yana gudun kada wata lalura ta taso ya rasa yadda zai yi. Bai san yadda ake magana da kurma ba, bai san abin da makaho zai iya da wanda ba zai iya ba, ba shi kuma da wanda zai tambaya. Shi kuwa mai neman aikin tsoronsa ya fi yawa, don an sha miƙa masa sadaka tun kafin ya buɗe baki ya faɗi abin da ya kawo shi. Ga mutum biyu kowa yana da bukata wurin ɗan'uwansa, tsakaninsu kuwa akwai rami wanda babu mai iya tsallake shi shi kaɗai. Cike wannan rami aikin ƙungiya ne, a cikin ƙungiyoyin da muke da su kuwa babu wadda aikin ya fi cancanta da ita kamar ta 'yan kasuwa da masu sana'a, domin su ne guraben aiki suke hannunsu.

In na ce masu rauni, ina nufin makafi da kurame da guragu, waɗanda a yau ake kira masu buƙata ta musamman, ina kuma haɗawa da wanda aka haifa da ƙarancin fahimta, da wanda ya sami sauƙi daga taɓin hankali, da wanda ya gama zaman gidan gyaran hali, da saurayin da ya tuba daga shaye-shaye, da matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari ta warke amma ta tarar aure ya riga ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da wata babbar naƙasa, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum 1 cikin kowane 6. Adadi irin wannan ya wuce a ce sadakar Juma'a za ta ɗauke shi.

Abin da magabata suka nuna mana

Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, labarin wani mutum daga cikin Ansaru da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana roƙo. Annabi ya tambaye shi abin da yake da shi a gida, sai aka tarar wani mayafi ne da ƙoƙon shan ruwa. Aka kawo su, ya sa su a kasuwa da kansa a tsakanin sahabbai, wani ya taya dirhami 1, wani ya ƙara ya kai 2, aka sallama. Ya umarci mutumin ya sayi abinci da ɗaya ya kai wa iyalinsa, ya sayo gatari da ɗayan ya kawo masa. Da ya kawo, Annabi ya sa wa gatarin ƙota da hannunsa mai albarka, ya tura shi yin itace, ya yanka masa kwana 15. Da wa'adi ya cika mutumin ya dawo da dirhami 10.

Wanda ya yi wa wannan ƙissa karatun natsuwa zai ga ba wa'azi kawai aka yi wa mutumin aka sallame shi ba. An fara da binciken abin da yake da shi, maimakon lissafin abin da ya rasa. An toshe yunwar iyalinsa tukuna, don mai jin kukan 'ya'yansa ba ya iya koyon aiki. An sa hannu a cikin aikin tare da shi. An kuma sa ranar da zai dawo a ga yadda aka ƙare. Gatari marar ƙota ƙarfe ne kawai, ƙotar nan ita ce abin da mafi yawan taimakonmu na yau ya rasa, yayin da ake tara mutane a raba musu keken ɗinki ko injin markaɗe a gaban manyan baƙi, sa'an nan kowa ya watse, babu mai komawa ya ga ko keken yana ɗinki ko an sayar da shi an ci abinci.

Haka kuma Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda makaho ne, ladani ne a Madina tare da Bilal, Annabi kuma ya sha barinsa a matsayin wakili a kan birnin in za a fita yaƙi. Ya tabbata cewa ba ya kiran sallar asuba sai an sanar da shi alfijir ya keto. Ga aiki mai girma, wanda lokacin salla da azumin jama'a suka rataya a kansa, aka damƙa shi ga marar gani, aka kuma haɗa shi da ɗan taimakon da zai cike abin da ido ya gaza. Ba a raina shi an hana shi aikin ba, ba a kuma bar shi ya yi ta lalube ba.

Aiki da jagora

A ƙasashen Turawa an daɗe ana bin wata hanya dabam. Akan gina wa naƙasassu masana'antunsu na kansu, a keɓe su a can, da nufin in sun ƙware a fito da su cikin jama'a. A Ingila an kafa kamfanin Remploy a 1945 don wannan manufa, ya buɗe masana'antu da dama, na ƙarshensu kuwa sai a 2013 aka rufe su ko aka sayar. Illar wannan hanya ita ce wanda ya shiga da wuya ya fito, domin koyon da aka ce ana yi ba ya ƙarewa, abin da aka koya a keɓe kuma sau da yawa ba ya amfani in an zo wurin aikin gaske, inda injin dabam ne, mutanen dabam ne, saurin ma dabam ne.

A farkon shekarun 1970 wani malami a Jami'ar Illinois ta Amurka, Marc Gold, ya ɗauki mutanen da aka yanke wa hukuncin cewa ba za su iya koyon komai ba saboda ƙarancin fahimta, ya koya musu haɗa burkin keke mai gutsattsari 15, ta hanyar rarraba aikin gaɓa-gaɓa da maimaitawa cikin haƙuri. Hujjarsa ita ce in ɗalibi bai gane ba, malami ne ya kamata ya sake dabara. Daga irin wannan bincike aka juya tsarin gaba ɗaya: a fara sa mutum a aikin gaske tukuna, a koya masa a can inda zai zauna. A 1986 Amurka ta shigar da wannan tsari cikin dokarta ta ware masa kuɗi. A farkon shekarun 1990 kuma Deborah Becker da Robert Drake suka gwada shi a jihar New Hampshire ga masu fama da taɓin hankali mai tsanani, gwaje-gwajen da aka yi bayan nan a ƙasashe da yawa suka nuna fiye da rabin waɗanda aka bi da su ta wannan hanya suna samun aiki, alhali ta tsohuwar hanya kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke samu.

Sharuɗɗan tsarin ba su da yawa. Aikin ya zama na gaske, a wurin da kowa ke aiki, kafaɗa da kafaɗa da masu lafiya. Ladan ya zama irin wanda ake biyan kowa a kan wannan aiki. Sa'an nan a haɗa mutum da wani ƙwararre wanda zai raka shi, ya koyi aikin shi da kansa, ya tsaya kusa da shi a makonnin farko yana nuna masa, ya fahimtar da maigida da sauran yaran shago yadda za su yi mu'amala da shi, in ƙafa ta kafu ya riƙa janyewa sannu a hankali, har ya zama sai leƙowa jefi-jefi ko in an kira shi. Wannan mutum ni jagoran aiki zan kira shi, tsarin kuma aiki da jagora. Mun san ɗan jagora tun kaka da kakanni, sai dai namu yaro ne da ake cirewa daga makaranta ya ja sanda zuwa bara har ya girma bai koyi komai ba, a yi hasarar rayuwa biyu. Shi kuwa jagoran aiki, alamar ya iya aikinsa ita ce ranar da aka daina bukatarsa.

Darasi daga Jamus

Jagora komai ƙwarewarsa ba shi da shago, dole sai wani ya buɗe masa ƙofa, a nan ne ƙungiyoyin masu ɗaukar ma'aikata suke shigowa. Ƙasar da na ga ya fi dacewa a duba ita ce Jamus, saboda a can koyon sana'a a hannun ƙungiyoyin masu sana'a yake, kamar yadda yake a wurinmu, sai dai su sun rubuta nasu sun mai da shi doka. Suna da majalisun ciniki da masana'antu 79, da majalisun masu sana'ar hannu 53, doka kuma ta wajabta wa mai kamfani ko mai sana'a ya zama ɗan majalisar yankinsa. Majalisun nan ne ke rajistar yarjejeniyar da ke tsakanin maigida da yaron da ke koyon aiki, su ne ke yi masa jarrabawa, su ne ke ba shi shaidar yaye. Suna kuma da ikon tsara wani koyo mai sauƙin karatu da yawan aikin hannu domin wanda naƙasarsa ta hana shi bin cikakken tsarin, ya fita da shaidar da kowane mai sana'a zai gane.

Dokar ƙasar ta ce duk mai guraben aiki 20 ko fiye, kashi 5 cikin 100 na guraben su zama na masu babbar naƙasa. Wanda bai cika ba yana biyan wata diyya kowane wata a kan kowane gurbin da ya bari, a 2024 kuma aka ɗaga ta har Yuro 720 ga manyan kamfanonin da ba su ɗauki ko mutum ɗaya ba. Kuɗin nan ana mai da su ne ga hidimar shigar da naƙasassu aiki, kamar sayen na'urar da makaho zai karanta kwamfuta da ita, ko gyaran ƙofa da teburi, ko tallafa wa albashi. Shi kansa aiki da jagora iyayen yara ne suka fara kafa masa cibiya a Hamburg a 1992, a 2009 ya shiga doka, inda mutum ke da haƙƙin jagora na tsawon shekara 2 a wurin aiki, a kan iya ƙara masa ta uku.

Duk da wannan tanadi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanonin da dokar ta hau kansu ba su da naƙasasshe ko ɗaya, sun gwammace su biya diyya, kimanin mutum 300,000 kuma har yanzu suna cikin keɓaɓɓun masana'antu, waɗanda ke fita daga cikinsu zuwa aikin gaske a shekara ba su kai 1 cikin 100 ba. Wannan ya nuna tara ba ta cire tsoro daga zuciyar mai shago. Saboda haka a yankin Kolon da Bonn, wanda masu sauraron rediyon Jamus suka san sunansa, da kuma yankin Munster, hukuma ta ɗauki kuɗin diyyar nan ta ajiye masu ba da shawara a cikin majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'a su kansu. Hikimar a bayyane take. Kafinta ko mai gidan burodi, in jami'in gwamnati ya shigo masa sai ya ɗaure fuska, don yana zaton bincike ne ko tara. Amma in mutumin majalisarsu ne, wanda ya san farashin katako ya san wahalar biyan albashi a ƙarshen wata, sai ya ba shi kujera ya faɗa masa ainihin abin da yake tsoro. Mai shawarar yakan zaga shagon ya ga wane aiki ne zai dace da wa, ya cike takardun neman tallafi, ya haɗa maigida da jagora. Daga 2022 doka ta wajabta a samar da irin wannan ofishi na masu ɗaukar ma'aikata a ko'ina cikin ƙasar, a wasu yankuna kuwa majalisun nan ne ke riƙe da shi.

Ba Jamus kaɗai ba ce. A Ingila manyan kamfanoni ne da kansu suka haɗu a 1991, bisa jagorancin Susan Scott-Parker, suka kafa dandalin da suke koya wa juna yadda ake ɗaukar naƙasassu. A Sri Lanka kuwa tarayyar masu ɗaukar ma'aikata ta ƙasar ce ta buɗe rajistar naƙasassu masu neman aiki, tana koyar da makafi kwamfuta, tana shirya ranakun da kamfanoni ke zuwa su gana da su ido da ido. Abin da ya haɗa su duka shi ne ɗan kasuwa ya fi jin maganar ɗan kasuwa ɗan'uwansa. Da ɗan gari akan ci gari.

Lamuni abin gidanmu ne

In mun dawo gida za mu tarar da harsashin ginin nan yana nan, tun kafin a san Jamus. Kasuwancin Bahaushe a kan lamuni ya tsayu. Baƙon da ya kawo shanu Ibadan daga Arewa ba ya sanin mahautan garin, amma yakan ba da shanunsa bashi ya kwanta da kwanciyar rai, saboda maigidan da ya sauke shi a Sabo ya tsaya a tsakani, in mahauci ya ƙi biya shi zai nemo haƙƙin. Fataken goro a hanyar Gwanja da fatoma suka dogara. Yau ma babu mai ɗaukar yaron shago daga kan titi, sai wani ya kawo shi ya ce na san shi, na san gidansu, in ya yi ɓarna a neme ni. Bilhasali abin da mai rauni ya rasa shi ne wannan kalma guda, wato mai cewa na tsaya masa. Mutum ɗaya yakan ji nauyin faɗinta ga wanda ya fito daga kurkuku ko wanda ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, amma ƙungiya mai rumfa dubu tana iya faɗi, domin in asara ta zo, rabuwa za ta yi a kan mutum dubu har ba wanda zai ji ta.

Ɗaya ɓangaren ma a shirye yake. Garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, akwai ƙungiyoyin kurame, akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi a Gindiri wadda aka buɗe tun 1953, suna yaye ɗalibai masu karatu da rubutu waɗanda ba su da inda za su nufa. A Kano waɗanda shan-inna ta naƙasa sun kafa ƙungiyarsu bisa jagorancin Aminu Ahmad Tudun Wada, suna yanka ƙarfe suna walda suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, gani kuwa ya kori ji. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, muka yi murna, amma yaran da cutar ta riga ta taɓa suna nan, yau magidanta ne da matan aure masu neman abin da za su ci da iyali.

Doka ma akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a 2020 kuma aka kafa hukumar da za ta kula da ita. Sai dai mafi yawan abincin mutanenmu ba a ofis yake ba, yana kasuwa ne da gareji da shagon tela da gidan burodi, inda jami'in hukuma ba ya isa amma maganar shugaban kasuwa tana isa. Ƙungiyar da take iya rufe rumfar wanda ya ci amana, take sasanta rigimar bashi ba a je kotu ba, take tara kuɗi cikin kwana biyu in gobara ta tashi, ba za a ce wannan aiki ya fi ƙarfinta ba.

Yadda za a kama aikin

Farkon abin yi shi ne ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga cikinta, masu haƙuri waɗanda kasuwa ta yarda da su, ta mai da su jagororin aiki, ta yanka musu albashi, ta tura su su koyi maganar hannu ta kurame da dabarun koyarwa a wurin malaman makarantun da muka ambata. Jagoran zai bi rumfuna yana tambayar iyayen gida wane aiki ne ke cinye musu lokaci, don a kowane shago akwai ƙananan ayyuka da suka warwatsu a hannun mutane da yawa, waɗanda in an tattara su za su zama aikin mutum guda. A Dawanau akwai rubuta awo da ɗinkin buhu da tsintar riɗi da zoɓo. A Kantin Kwari akwai ƙirgar kaya da ninki da amsa wayar abokan ciniki na nesa. A kasuwar waya akwai gyara, wanda a zaune ake yinsa. Aiki ana auna shi ne daidai mutum, kamar yadda tela ke auna riga.

Sai dai kada a yanke wa kowa sana'a saboda naƙasarsa, a ce kowane makaho sai tufkar igiya, kowane gurgu sai gyaran takalmi. A zauna da mutum a tambaye shi abin da ya iya da abin da ransa ke so, domin wanda aka sa a aikin da yake ƙauna ya fi daɗewa a kansa. A ɗauka ga wata kurma da ta iya ɗinki, ƙungiyar teloli ta samo mata gurbi. Jagora zai raka ta ranar farko, ya zauna a shagon mako biyu ko uku, ya koya wa maigida da yaransa alamun hannu 20 ko 30 da ake bukata kullum, ya shirya yadda za a riƙa rubuta awo da ranar karɓar kaya a takarda don kada a sami saɓani, ya tabbatar an san yadda za a sanar da ita in wani haɗari ya taso. Bayan nan sai ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya a wata. In zaman bai yi daɗi ba, ƙungiya ce za ta ɗauke ta ta nema mata wani shago, ba tare da an kunyata ta ko an kunyata maigidan ba. Wannan alkawari na ɗaukewa shi ne zai sa mai shago ya yarda ya gwada tun farko.

Batun kuɗi bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ƙungiya mai 'ya'ya 2,000, in kowa ya ba da naira 500 a wata, an tara naira miliyan 1, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa tun 2024 naira 70,000 ne. Wannan ya isa a biya jagorori, a gyara matakala, a taimaka wa sabon ma'aikaci da kuɗin mota a watan farko kafin ya karɓi ladansa. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana yana iya yin wakafin rumfa guda, kuɗin hayarta ya riƙa tafiya ga wannan asusu. Manyan majalisun ciniki na Kano da Kaduna da ƙungiyar masu masana'antu kuwa, su da ke da bakin magana da gwamnati da Asusun Horar da Ma'aikata wanda aka kafa tun 1971, su ne ya kamata su nemi a horar da jagororin a ba su shaida.

Akwai haɗari guda da ya wajaba a tsare tun ranar farko, shi ne kada taimako ya rikiɗe ya zama zalunci. Mai rauni ba shi da bakin ciniki, abin da aka miƙa masa zai karɓa ya yi godiya, wani kuwa zai ga dama ta samu ya sa shi aikin mutum cikakke ya biya shi rabin lada, har yana jin ya yi alheri. A koma kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Saboda haka ƙungiya ta yanka ladan a gaban shaidu, a rubuta, jagora ya riƙa bincika ko ana biya a kan kari. Kada kuma wani ya lissafa ladan ma'aikacinsa a cikin zakkarsa, domin lada haƙƙi ne da gumi ya wajabta, zakka kuwa farilla ce dabam. Shi ma ma'aikacin a gaya masa gaskiya cewa aiki ne ya zo yi: in ya makara a yi masa faɗa kamar kowa, in ya ƙware a ƙara masa kamar kowa. Tausayin da ke hana a gyara wa mutum kuskurensa wani nau'in raini ne, masu rauni kuwa sun fi kowa saurin gane shi.

Malamai sun koya mana cewa akwai farillar da in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi. A ganina samar wa mai rauni hanyar cin guminsa tana cikin irin wannan nauyi, waɗanda Allah ya ba rumfuna da masana'antu kuma su ne mafi kusa da ɗaukarsa. Ina roƙon shugabannin kasuwanninmu da sarakunan sana'a, a taronku na gaba ku sa wannan magana a gaba, ku nemi rumfa 5 kacal da za su yarda su gwada, ku naɗa jagora ɗaya, ku aika wa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabannin kurame su kawo mutanensu, sa'an nan ku sa ranar da za ku sake zama ku ji yadda aka ƙare, kamar yadda aka yanka wa mai gatari kwana 15. Allah ya ba mu ikon yi, ya sa albarka a cikin kasuwanninmu.